Tiren da Lalla Mbarka Ta Sauke

Duk wanda ya taɓa kwana a otal ɗin Dar Nawras da ke bakin tekun Suwaira, ya kuma yi sammako, ya san abin da zai tarar a ƙofar kicin: Lalla Mbarka a tsaye, ta riga ta yi sallarta, ta ɗaure kai tamau, ashana a hannu, tana hararar hanya. Ba ta kunna wutar ba, kuma ba za ta kunna ba. A kicin ɗin da ake dafa mana abincin kasher, wato halal ɗinmu na Yahudawa, hannun Bayahude ne ke tayar da wuta ya ɗora tukunyar farko. Don haka ashanar nan ta Ribbi Mahluf ce, malamin da ke sa ido a kan tukwanenmu, shi kuwa bawan Allah bai taɓa zuwa da wuri ba. Sai ka hango shi tafe, iskar garin nan tana neman raba shi da hularsa, ita kuma tun daga nesa ta fara masa: wai masunta sun je teku sun dawo, kifi ya gaji da jira har yana shawarar komawa ruwa. Shi kuma ya karɓi ashana, ya ce mata da ana shiga aljanna da mita, da tuni an ba ta makulli. Daga nan aiki ya tashi.

Tun ina saurayi mahaifina ke kawo mu otal ɗin nan daga Kazablanka, yau ga ni da furfura ina jan jikoki, kuma ban taɓa zuwa na tarar da wata a gaban murhun ba sai ita. Bana ta ajiye aiki, gwiwa ta ƙi. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, ko da yake na san idan aka karanta mata sai ta ce ban da aikin yi.

Mu da ke zama a tebur mu ci mu yi hamdala, kaɗan ne cikinmu suka san abin da ke bayan ƙofar nan. Ɓangaren nama daban, na madara daban, ko tsumman goge hannu ba ya tsallakawa. Ƙwai ɗaya bayan ɗaya take fasa shi a kofin gilas, ta duba ko da ɗigon jini. Ganyen na'ana'a sai ta ɗaga shi ga hasken taga saboda ƙwaro. In ta gyara kifi, sai ta bar masa ɗan fata mai ɓawo a gefe, don tsohon da ba ya yarda da maganar kowa ya gani da idonsa cewa kifin da ya halatta ne. Babu ɗaya daga cikin dokokin nan da ya hau kanta. Musulma ce, jikar Musulmi, amma ban ga Bayahudiyar da ta fi ta tsoron kada a ci da mu abin da ba mu sani ba.

Ma'aikatan kicin har yau suna ba da labarin wani biki da aka yi, ana dab da kai abinci, wani sabon kuku ya tsoma ludayin madara a tukunyar naman ango. Ba wanda ya gani sai ita da Allah. Ta sauke tukunyar da hannunta, ta kira Ribbi ta gaya masa, aka kai naman wa masu gadi da masunta, 'yan biki suka ci kifin sadin. Uwar amarya ta yi ta sababi har muryarta ta dishe. Washegari ita ce ta shiga kicin ta sumbaci goshin Mbarka.

In azuminsu ya zo kuwa, wuni take tana girki ba ta ɗanɗana, sai ta miƙa wa Ribbi cokali. Ya ce gishiri ya yi, ta ce bakinsa ya tsufa, ta ƙara.

Abu ɗaya ne muke mata dariya a kai. Duk baƙon da ta ga ya manyanta, ko daga Faransa ya zo ko daga Kanada, sai ta fito daga kicin tana goge hannu, ta tsaya a kansa, ta tambaye shi a wace unguwa aka haife shi. In ya faɗa, ta gyaɗa kai, ta sa masa albarka, ta koma. Har suna muka sa mata, jami'ar shige da fice. Ba mu san abin da take nema ba sai bana.

A lokacin Idin Ƙetarewa ba ma cin abin da ya tashi da tsami, ba ma ajiye shi, ba ma mallakarsa. A zamanin iyayenmu kowace mace tana da hamirarta, ɗan kullun da ake ragewa ya yi tsami don ya tayar da burodin gobe, kuma na kowane gida da ƙamshinsa. In idi ya matso, sai mace ta ɗauki hamirarta ta kai wa maƙwabciyarta Musulma ta ce ta ba ta. Bayarwa ta gaske, ba ajiya ba, domin in da sauran hakkinta a ciki har idi ya shiga, ta haramta gare ta har abada, sai zubarwa. Ranar da idi ya fita, da yamma, maƙwabciyar ta ɗoro tire a ka, da gari da man shanu da zuma da madara, ta kawo hamirar a matsayin tata kyautar. Wannan yammacin shi ne Mimuna.

Mbarka tana yarinya, gidansu a layin marina yana kallon gidan wata Bayahudiya mai suna Simha. Wata shekara Simha ta kawo wa Fadma, mahaifiyar Mbarka, hamirarta a 'yar tukunyar ƙasa, kamar yadda ta saba. A lokacin mutanenmu suna ta barin ƙasa a ɓoye, gida bayan gida, ana hana su ko sallama. Ranar Mimuna Fadma ta yi kwalliya, ta ɗauki tire, 'yarta na biye da ita, suka tarar da kwado a ƙofa. Fadma ta daɗe a tsaye da tiren a ka, tana cewa ƙila sun je wurin ibada. Daga baya ta juyo gida, ta zuba wa hamirar gari da ruwa, ta rufe. Haka ta yi ta ciyar da ita har ta bar duniya, Mbarka ta ɗora daga inda ta tsaya. Da aka buɗe otal mai kicin ɗin kasher a garin, ta san in akwai inda 'ya'yan Simha za su sauka wata rana, to nan ne. Ta je ta nemi wanke-wanke.

Bana, ana tsakiyar idi, ina zaune a teburin da ke kusa da taga, aka shigo da wata tsohuwa mai dogara sanda, ɗanta Arman yana riƙe da ita. Daga Kanada suka zo, likita ma da ƙyar ya bari. Sunanta Freha. Mbarka ta fito kamar kullum, ta yi tambayarta. Tsohuwar ta amsa da irin Larabcin garin nan na da, wanda ba a jin sa yanzu sai a bakin kakanni.

"Layin marina. Ƙofarmu tana kallon ta Fadma mai saƙa."

Na ga tsumman hannun Mbarka ya faɗi ƙasa. Ta ce ita ce 'yar Fadma. Freha ta ƙura mata ido, ta ce Mbarkan da ke satar mata gasasshiyar gyaɗa a aljihu? Suka rungume juna. Freha ta ce mahaifiyarta Simha ta rasu a ƙasar sanyi da kunyar tafiyar nan a ranta, kullum tana cewa ta bar Fadma a tsaye. Ta ce ita ma abin da ya hana ta zuwa shekara da shekaru ke nan, tana tsoron idon mutanen layin. Sannan ta riƙe hannun Mbarka ta yi tambayar da bai kamata a yi ta a wannan makon ba.

"Hamirar uwata fa, 'yar uwa? Hamirarmu da muka bari a wurinku?"

In Mbarka ta ce tana nan, ta amsa cewa tasu ce, a tsakiyar idi, a gaban shaidu. In ta ce ta mutu, ta yi ƙarya. Na ga ta zare hannunta a hankali.

"Ba ku bar komai a wurinmu ba, Freha. Abin da Simha ta ba uwata, ta ba ta ne."

Ta juya ta shige kicin. Wallahi ni kaina na ji haushinta a lokacin, na ce a raina ashe matar nan tana da riƙo. Freha kuwa da ƙuruciya ta bar ƙasar, a can burodi a kanti suke saye, ta manta yadda ake yi. Abin da ta ji kawai shi ne ba a yafe ba. Ba ta ƙara kai loma baki ba. Ta ce wa Arman ya haɗa kaya, da safe za su wuce Kazablanka kafin ranakun ƙarshe na idi su shiga, waɗanda ba a tafiya a cikinsu.

Abin da ya faru a kicin Ribbi Mahluf ne ya ba ni labari. Ya tarar da ita ta kifa kai a kan buhun dankali tana kuka ba sauti. A nan ta gaya masa komai, shi da suka yi rabin rayuwa suna faɗa a kan gishiri bai taɓa sani ba. Ya ce bari ya je ya yi wa tsohuwar bayani, ai kyauta ta riga ta tabbata tun zamanin Simha. Mbarka ta tare ƙofa. Ta ce in ya gaya mata hamirar tana raye, kafin ya rufe baki za ta ɗaga hannu sama ta ce tata ce, ta uwarta ce, kuma da zuciya ɗaya za ta faɗa. Shin zai iya rantsewa cewa bayan haka ba shi da kansa zai ce a zuba ta a teku ba? Ribbi ya ce mini ya ja gemu ya ja, ya ga ba zai iya rantsewar ba. Ta ce to ya kama bakinsa, ba ta yi shekara hamsin da ɗoriya tana ciyar da abu don ta yi caca da shi a 'yan kwanakin ƙarshe ba.

Da safe mota ta tsaya a ƙofar otal, Arman yana saka jakunkuna. A karo na farko a tarihin Dar Nawras, Ribbi ya iso kicin bai tarar da mai miƙa masa ashana ba. Tana waje, ta tsaya tsakanin Freha da ƙofar motar. Arman ya ce cikin ladabi, Lalla, a yi haƙuri, mahaifiyarsa ba ta da lafiyar ɗaukar ɓacin rai. Ba ta ko kalle shi ba.

"Freha, uwata ta tsaya a ƙofarku da tire a ka har wuyanta ya ƙage. Ina gefenta, na gani. In kin shiga motar nan, ni ma haka za ki bar ni. Gidanku zai yi mana sau biyu ke nan."

Freha ta daɗe tana kallonta. Ba don ta fahimta ta zauna ba, kunya ce ta zaunar da ita. Ta ce wa ɗanta ya sauke kayan. Kwanakin da suka rage ta yi su a ɗaki, ta ja labule, abinci ma a can ake kai mata. Mbarka ce ke dafa shi, kuma duk farantin da ya dawo sai ta buɗe ta ga ko an taɓa. Kowa a otal ɗin ya san tsohuwar ba ta da ƙarfi. Mbarka ta fi kowa sani, kuma ba ta buɗe baki ba.

Ke ce mai wannan haƙurin, Lalla Mbarka. Kalma ɗaya ta isa ta wanke ki a idon matar da kika yi rayuwa kina jira, kika riƙe ta a baki, kika yarda a ɗauke ki mai riƙo. Dokar ba taki ba ce, littafin ba naki ba ne, amma kika tsare mana shi a ranar da tsare shi ya fi ciwo. Ni dai na yi ta tunanin abin, har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Ranar da idi zai fita, Mbarka ta nemi izinin tashi da la'asar, abin da ba ta taɓa yi ba. Magariba ta wuce, taurarin farko suka fito, Ribbi ya yi addu'ar rufe idi, aka buɗe ƙofofin otal gaba ɗaya kamar yadda ake yi a Mimuna. Arman ya lallaɓo mahaifiyarsa ya zaunar da ita a kujera kusa da ƙofa. Sai ga Mbarka ta ɓullo ta hanyar bakin ruwa cikin farar jallabiya, da gwiwar nan tata da ta ƙi, tire a ka, tana takawa a hankali iska tana kaɗa mayafinta. Matasa suka ruga za su karɓa, ta ce duk wanda ya taɓa sai ta saɓa masa.

Ta tsaya a bakin ƙofa ta yi gaisuwar ranar, ta ce Allah ya ba mu riba ya ba mu sa'a. Ribbi ya tare ta, domin aikinsa ne, ko ita ce ba ta shigo da abu kicin sai an tambaya. Ya nuna 'yar tukunyar da ke tsakiyar tiren, an ɗaure bakinta da ƙyalle, ya ce me ya taɓa shiga cikinta? Ta ce gari da ruwa. Da me ake juya ta? Ta ce da itacen zaitun da bai taɓa shiga wata tukunya ba, kuma ranar da ta ɗauko cokalin miya tana yarinya, sai da Fadma ta kusa karya mata yatsa. Ribbi ya gyaɗa kai. Ya matsa gefe, ya ce ta shigo.

Ta zo gaban Freha, ta sauke tiren da kanta, ta durƙusa da ƙyar.

"Wannan tawa ce," in ji ta. "Uwata ta same ta kyauta, ni na gada. Yau idi ya fita, na ba ki."

Freha ta kwance ƙyallen. Kullun yana nan yana ƙananan kumfa, ƙamshin tsaminsa ya bugi har mu da ke tsaye a baya. Ta sa fuskarta a bakin tukunyar, ta daɗe ba ta ɗago ba. Da ta ɗago, ta ce ƙamshin hannun mahaifiyarta ne. Sai a lokacin abin ya faɗo mata, ta tuna yadda ake yi, ta gane abin da ya sa aka yi mata waccan amsar. Ta kama wuyan rigar Mbarka tana kuka tana dariya, tana cewa muguwa, kin bar ni ina cin zuciya a ɗaki. Mbarka ta ce ai tun suna yara ita ce mai saurin kumbura, ta fi hamirar ma. Babu busasshen ido a ƙofar nan. Ni da nake taƙama ba na kuka a gaban jikoki, sai da na ari hankicin matata.

Su biyu suka kwaɓa mufletar farko, siririn fanken nan da muke buɗe baki da shi da man shanu da zuma, aka sa ɗan hamirar a ciki. Freha da ta yi kwanaki tana ture faranti, sai da Arman ya roƙe ta ta dakata haka.

Washegari muka sauka bakin teku tsoma ƙafa a ruwa, kamar yadda aka saba. Na sami Mbarka da Freha zaune a kan dutse. Mbarka ta shanya ɗan kullun a ƙyalle ya bushe, don ya iya shiga jirgi, tana koya mata yadda za ta tashe shi in ta isa. Freha ta ce to in idin baɗi ya zo fa, wa za ta ba? Mbarka ta ce ba ta da maƙwabta ne? Ta ce akwai wata mata 'yar Labanan a ƙofar da ke kallon tata, sun yi shekaru gaisuwa kawai ke haɗa su a matakala, ko sunanta ba ta riƙe ba.

"To ki ƙwanƙwasa mata," in ji Mbarka. "Abin nan ba ya rayuwa a gida ɗaya. In ba ki da wadda za ki ba, bar mini kayana."

Lalla Mbarka, 'yar Fadma mai saƙa, mai jiran ashana, mun gode. Mun gode da ƙwan da kika duba ba wanda ke kallonki, da tukunyar da kika sauke, da bakin da kika kama. Allah ya ba gwiwarki sauƙi, ya jiƙan Fadma, ya sa ki ga baɗi da baɗin baɗaɗa. Ribbi Mahluf ya ce a gaya miki wadda ta gaje ki ba ta masa faɗa in ya makara, kuma abin ba ya masa daɗi ko kaɗan.

Ku kuma da kuka karanta, ba na ce kowa ya je ya nemi tukunyar ƙasa ba. Amma kowannenmu yana da ƙofar da ke kallon tasa, kuma da yawanmu ba mu san sunan mai ita ba. Arman ya kira ni kwanakin baya daga Kanada. Ya ce hamirar ta tashi, kuma mahaifiyarsa ba ta jira baɗi ba. Burodin farko da ta gasa, ta ɗora shi a tire, ta dogara sandarta, ta tsallaka. Sunan matar Najwa.